Auduga Ta Ci Amanata a Dutsen Bursa

Kwana uku na yi a Santambul ina kiran lambar mutumin da aka ce zai tarye ni, kullum muryar wata mata ce take ba ni amsa iri ɗaya da Turkanci. A rana ta huɗu, mai shayin da nake raɓewa a shagonsa ya karɓi wayar ya kara a kunne, ya girgiza kai, ya yi mini alama da hannu cewa layin ba ya aiki. Nan na tabbatar ejan ɗin da ya shirya mini tafiyar ya yaudare ni. Ya ce akwai kamfanin ɗinki da ke jirana, da ɗaki, da abinci. Babu ko ɗaya. Ni kuwa kekunan ɗinkina biyu na sayar, na rufe shagon da na shekara tara ina aiki a cikinsa a Fagge, na yi sallama da mutane ina washe baki kamar mai tafiya karɓo gado.

Sunana Bukar. Kakana ne ya zo Kano daga Borno, mahaifina kuma a Kantin Kwari ya tsufa yana sayar da shadda. Dole in faɗi wannan, don kada a ɗauka wautar da na tafka daga baya ta rashin hankali ce, alhali ta gado ce. A gidanmu kalmar "roba" zagi ce. Idan aka kawo wa Baba yadin da bai yarda da shi ba, zare ɗaya yake zarowa ya ƙyasta masa ashana. In ya ci ya zama toka, auduga ce, sai ya ce a zauna a yi ciniki. In ya nannaɗe ya dunƙule ya yi baƙi yana wari, sai ya ture shi da bayan hannu. Har mutum in Baba ya raina shi, cewa yake, "Rabu da shi, roba ne." Da wannan karatun na tashi, da shi kuma na haɗa jakata. Duk abin da na ɗauko don sanyi auduga ce tsantsa, ni na zaɓa da hannuna.

Mai shayin nan, Allah Ya saka masa da alheri, ya ƙi karɓar komai daga hannuna. Ya rubuta mini "Bursa" a bayan wata takarda, ya yi ta taka ƙasa da ƙafarsa kamar mai taka keken ɗinki, har na gane nufinsa. Washegari na hau mota.

Bursa kuwa gari ne na masaƙu da ɗinki, mai shayin bai yi mini ƙarya ba. Sai dai duk ƙofar da na ƙwanƙwasa, takardar izinin aiki ake tambayata, ita kuma takardar ba a ba ka sai wani ya tsaya maka ya ce zai ɗauke ka. Na yi ta zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke. Bizata tana ta ƙarewa, sanyi yana ta ƙaruwa. Na samu ɗaki mu shida, kowa da harshensa, kowa da damuwarsa. Yunwa ba ta dame ni ba kamar shirun unguwar. A Fagge ƙarar kekuna ce take raka ka tun hantsi, ga mai gurasa, ga masu musun ƙwallo a bakin shago, ga wanda ya zo rigimar ɗinkinsa. A nan kuwa sai ka wuni babu wanda ya ce maka "ya aiki". Idan Inna ta kira, sai in gyara murya in ce, "Lafiya lau, Inna, ana ta fama." Ban yi mata ƙarya ba, amma ban faɗa mata da me ake faman ba.

Saura sati uku bizata ta mutu na haɗu da Emeka. Na fito daga masallacin Juma'a, na taka wani wuri da ruwa ya daskare, ƙafata ta zame na zauna daɓas a tsakiyar titi. Ban san lokacin da na ce, "Kai, wannan gari, Allah Ya isa!" ba. Sai na ji an ce daga bayana, "Sannu malam. Garin bai yi maka komai ba, takalminka ne ba na nan ba."

Na waiga, na ga wani ƙato sanye da hular sanyi yana miƙo mini hannu. Hausarsa ta Kano ce sak.

"Daga ina?" na tambaye shi.

"Sabon Gari. A can aka haife ni, mamana har yanzu tana gwanjo a kasuwa. Kai fa?"

"Fagge."

"Ashe maƙwabci ne! Titi kawai ya raba mu. Tashi, ɗan Fagge, kada ka kunyata mu."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. A Kano da na wuce shi a mahaɗar Bata ko kallonsa ba zan yi ba, amma ranar ji na yi kamar ɗan uwana na jini na gani. Ya kai ni wani ɗan gidan abinci ya saya mini miyar wake mai zafi da burodi, na zayyana masa komai. Shekararsa biyar a ƙasar. Yana aiki a saman dutsen da ke bayan garin, inda mutane suke zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara, shi ne mai ba da hayar takalma da sanduna. Ya ce maigidansa, wani dattijo da kowa yake kira Usta, yana kuma kai baƙi yawon ƙafa cikin ƙanƙara zuwa wata bukka a can ƙololuwa, kuma yana neman mai ɗaukar musu abinci da shayi. Idan Usta ya yarda da mutum, yana tsaya masa a yi masa takarda.

"Amma gwaji zai yi maka," in ji Emeka. "Kana da kayan sanyi?"

"Emeka, tela kake tambaya kaya?"

Ranar gwajin na shirya shiri na gaske. Singileti biyu, doguwar riga ta ciki, suwaita mai kauri, sannan wata ƙatuwar kwat da na ɗinka da kaina kafin in taho, na yi mata shafi biyu. Da Emeka ya gan ni a bakin shagon hayar takalman sai ya kama habar suwaitar ya murza.

"Wannan mene ne?"

"Auduga. Ko zare ɗaya na roba babu."

"Shi ne matsalar. Cire, in ara maka nawa."

Ya ɗauko wata 'yar riga mai gashi-gashi kamar bargon jarirai, mara nauyi. Ina taɓa ta na san mece ce. Na ce masa na gode, amma ni ban zo ƙasar mutane don in sa leda ba. Ya buɗe baki zai yi magana, baƙi suka iso, Usta ya daka mana tsawa, aka ɗora mini jakar goyo.

Usta gajere ne, mai farin gashin baki, ba ya son magana biyu. Shi ne a gaba, baƙi takwas a tsakiya, ni a baya da kaya. Awa ɗaya da fara hawa na jiƙe sharkaf da gumi. Har daɗi na ji. Na ce a raina, ga su nan da 'yan rigunansu na roba, ni kuwa zufa nake yi a cikin ƙanƙara. Muka fita daga cikin bishiyoyi muka hau wani fili a gadon dutsen, inda babu abin da yake tare iska. A nan Usta ya ce a huta. Na duba agogo na ga azahar ta yi, na ajiye jaka, na koma gefe na tayar da salla.

Raka'a ta biyu na ji kamar an watsa mini ruwan randa a gadon baya. Gumin da audugar ta shanye bai je ko'ina ba, yana nan manne da fatata, iska kuma tana ratsa kwat ɗin tana hura shi. Kafin in sallame haƙorana sun fara haɗuwa. Na tashi zan zuba wa baƙi shayi, yatsuna suka ƙi kama murfin fulas. Na yi ta maza, na sa ƙarfi, fulas ɗin ya kuɓuce ya gangara, shayin mutum takwas ya tsiyaye a cikin ƙanƙara. Ina so in ba da haƙuri, harshena ya yi nauyi kamar na mai maye.

Usta bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zo ya cusa hannu ta wuyan rigata, ya zaro shi a jiƙe, ya kalle ni. A gaban baƙin nan, har da mata, ya tuɓe mini kwat da suwaita da doguwar riga da singileti biyu, ya zura mini busasshiyar riga daga jakarsa, ya naɗe ni da wani mayafi mai ƙyalli. Ya soke tafiyar. Aka juyo da kowa saboda ni, shi ne kuma ya goyo jakar da aka ɗauke ni in ɗauka. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A shago, ina zaune gaban hita ina karkarwa, na ji su da Emeka suna ta magana da Turkanci. Usta yana ɗaga murya, Emeka yana kwantar da tasa. Can Emeka ya zo ya tsuguna a gabana.

"Ya ce ƙarfi kana da shi, bai ga ka tsaya ko sau ɗaya a hawa ba. Amma ya ce ba zai ɗauki mutumin da zai mutu masa a kan dutse ba. Na roƙe shi. Jibi akwai wasu baƙin. In ka kai bukka ka dawo da ƙafarka, kuma shayi ya shiga cikin mutane, zai duba. In ba haka ba, shi ke nan."

"Na gode, Emeka."

"Ajiye godiyar. Gobe da safe za ka zo makaranta."

Makarantar ita ce sito ɗin bayan shago, inda Usta yake tara kayan da baƙi suka manta shekara da shekaru. Ya yarda in ɗauki riga ɗaya, ɗaya tak. Emeka ya zazzage buhun a ƙasa kamar an kwance dilar gwanjo, ya ware su kashi biyu. Kashi na farko masu gashi-gashin nan ne, ya ce sunansu filis. Na biyu kuma masu santsi a waje, suna miƙewa in ka ja su, cikinsu da ɗan laushi kaɗan, ya ce su ne sofshel. Na zaro zare daga kowanne, na nemi ashana.

"Kada ka wahalar da kanka," ya ce. "Duk roba ne. Kai da wuta kake gwada kaya, nan kuwa da ruwa ake gwadawa."

Ya kawo bokiti ya tsoma suwaitata, ya tsoma filis ɗaya, ya matse su, ya rataye su gefe da gefe kusa da hita. Muka sha shayi, ya ba ni labarin yadda mamansa take gane jaket mai kyau tun kafin a gama yanke igiyar dila. Kafin mu gama kofi na biyu filis ɗin ya sha iska, har ana iya sa shi. Suwaitata kuwa tana nan tana ɗiga, ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen buhu. Na daɗe ina kallonta. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba.

"Auduga ba ta yi laifi ba," in ji Emeka. "A Kano aikinta ke nan, ta sha gumi ta riƙe, iska ta taɓa ka ka ji sanyi-sanyi. Abin da ya sa kuke son ta a can, shi ne ya kusa kashe ka a nan."

Wannan maganar ce ta shige ni, don magana ce ta yadi, kuma gaskiya ce. Na ce to, a ba ni filis ɗin.

"Tsaya tukuna. Kara shi a bakinka ka hura."

Na hura, na ji numfashina ya fito ta ɗaya gefen ya taɓa tafin hannuna. Ya miƙo mini sofshel, na hura har kumatuna suka yi ciwo, da ƙyar wani abu ya wuce. Ya ɗiga masa ruwa, ruwan ya dunƙule ya gangare. Ya ce filis ya fi ɗumi in kana zaune ko kana cikin bishiyoyi, amma iska tana ratsa shi kamar rariya. Sofshel ba shi da ɗumi sosai, kuma in ruwan sama ya sauko da ƙarfi zai jiƙe, amma yana tare iska, yana kaɗe ƙanƙara, yana barin gumi ya fita.

"To wanne zan ɗauka?"

"Ni ba zan zaɓa maka ba. A ina ka faɗi gwaji jiya?"

Na tuna filin nan da iskarsa. Na ture filis gefe, na jawo kashin sofshel gabana. Daga nan kuma aikin ya dawo hannuna. Emeka ya ɗago wata baƙa mai kyau, na ja zif ɗinta sau biyu na ce masa ba za ta kai sati ba, haƙoran sun cinye. Wata kuma ɗinkin hammatarta ya fara buɗewa. Wata na sa na ɗaga hannuwa sama, ta tattare ta bar mini ƙugu a waje. Wadda ta ci jarrabawa ruwan lemo ce mai kashe ido, irin ta masu sharar titi, amma ɗinkinta biyu-biyu ne, tana da hula, kuma da sauran wuri a ciki ko mutum zai ƙara wata rigar. Emeka ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce aƙalla in na ɓata ba za a sha wahalar nemana ba.

Saura abin da zan sa a jikin fata, tunda an haramta mini singileti. Emeka ya ce in tuna ko ina da wani abu na roba a jakata. Na amsa laifina. Akwai jesin ƙungiyar ƙwallon layinmu, wadda abokaina suka cusa mini a jaka, ni kuwa ko barci ban taɓa yi da ita ba don raini.

"Ita ce babbar rigarka a ƙasar nan," ya ce.

A ƙasan buhun na ga wani yagaggen bargo na filis da ake goge takalma da shi. Na tambayi Usta da hannu ko zan iya ɗauka, ya ɗaga kafaɗa. Tela ba ya rabuwa da allura da zare. Na wanke shi, na shanya, na yanka da almakashin shago, kafin la'asar na ɗinka 'yar shara mara hannu, na sa mata maɓallai uku da na cire daga kwat ɗina. Usta ya zo wucewa ya tsaya, ya ɗauke ta ya juya cikinta, ya bi ɗinkin da babban yatsa. Ya ajiye ta ya wuce.

Ranar gwaji na biyu na fito daga ni sai jesi da rigar ruwan lemo, 'yar sharar tana cikin jaka. Sanyi ya kama ni tun a bakin ƙofa, na ce wa Emeka anya kuwa.

"Haka ake so. In ka fara tafiya kana jin ɗumi, ka yi kuskure. Minti goma jikinka zai kawo wuta. In ka ji gumi, buɗe zif. In an tsaya, kafin ka yi komai, sa 'yar sharar a ciki. Kafin salla ma, ɗan Fagge. Allah ba gaggawa Yake yi ba."

Na bi maganarsa kamar karatun allo. A cikin bishiyoyi na buɗe zif har ƙirji. Da muka doshi filin na ja shi har wuya, na ɗora hula. Iskar tana nan yadda na bar ta, ina jin ta tana dukan rigar tana wucewa, amma ba ta kai ga fatata ba. Usta ya ce a huta, a daidai wurin da na zubar da shayi. Na sauke jaka, na sa 'yar sharata, na mayar da rigar a kai, na buɗe fulas. Yatsuna suka yi mini biyayya. Na zuba wa mutum tara shayi, ko ɗigo bai zuba ba, wata tsohuwa a cikinsu har ta nemi ƙari. Sannan na koma gefe na yi sallata raka'a huɗu a natse, na daɗe a sujadar ƙarshe.

Mun isa bukkar, mun ci abinci, mun juyo. A hanyar dawowa ƙanƙara ta fara sauka, na ga tana taruwa a hannun rigata, in na girgiza ta zube. Sai a lokacin na samu sukunin ɗaga kai in kalli inda nake. Garin Bursa yana can ƙasa, shimfiɗe, hayaƙi yana tashi daga gidaje. Wata guda ina yawo a cikinsa ban taɓa ganin yana da kyau ba sai ranar.

Da muka sauko, Usta ya sallami baƙi, ya shige ofishinsa bai ko kalle ni ba. Na ajiye jaka, na wanke kofuna, na sake wanke su, ina jira. Babu wanda ya kira ni. Ma'aikata suka fara taruwa a gaban wani farin allo da ke jikin bango, inda ake rubuta aikin sati mai zuwa. Ni ma na matsa, na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya daga sama har ƙasa. Babu Bukar. Na sake bi. Na fara tunanin yadda zan shiga layinmu a Fagge, ba keke, ba shago, da abin da zan ce wa Inna.

Usta ya fito da takarda a hannu yana kiran suna, kowa yana amsawa. Ya kira Emeka, ya amsa. Sai ya ce, "Bekir."

Muka yi ta waige-waige muna neman mai sunan.

"Bekir!"

Emeka ya sakar mini gwiwar hannu a haƙarƙari. "Kai ake kira, malam. Haka suke faɗin Bukar a nan. Litinin da Laraba da Asabar kana dutse, sauran kwanakin kana sito kana gyaran zif. Ya ce gobe ka zo da fasfo ɗinka."

Na kalli allon. Ga shi nan, layi na shida, da jan alƙalami, tun ɗazu ina tsallake shi. An canza mini suna ba a yanka ko kaza ba, kuma ban taɓa jin sunan da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Usta ya ɗago kai a karo na uku, ransa ya fara ɓaci.

Na ce, "Na'am!" da ƙarfin da sai da baƙin da ke bakin ƙofa suka waigo.